Kowace Ƙofa da Sarkinta: Lacca kan Buɗe wa Uwar Garken Wayar Intanet Ƙofa Fiye da Ɗaya



  

Batun da aka ɗora mini shi ne yadda ake saita uwar garken wayar intanet, wadda 'yan sana'a ke kira saba, ta riƙa sauraron kira a ƙofa fiye da ɗaya. Na san wani zai ce a ransa: wannan ai layi uku ne a cikin fayil ɗin saiti, me ya kai shi zama lacca? Gaskiyarsa, rubutun bai wuce layi uku ko huɗu ba. Amma sau da yawa waɗannan layukan ne ke raba ofishin da wayarsa ke aiki lafiya da ofishin da kiransa ke yankewa ana tsakiyar gaisuwa, ko wanda ya wayi gari ranar Litinin da bashin kiran ƙasashen waje da bai san lokacin da aka yi ba. Matsayar da zan kare a gabanku ita ce: a buɗe ƙofa ta biyu idan akwai takamaiman aikin da za ta yi da kuma mai tsaron da zai kula da ita, in babu waɗannan biyun a bar ta a rufe. Tsohuwar ganuwar Kano tana da ƙofofi da dama, irin su Ƙofar Mata da Ƙofar Nasarawa da Ƙofar Kabuga da Ƙofar Ruwa, kuma ba a bar ko ɗaya haka sakaka ba, kowace da sarkin ƙofarta. Zan bi batun daki-daki a kan maki bakwai.

Na ɗaya: mece ce ƙofa a wajen kwamfuta?

Kowace na'ura da ke kan intanet tana da adireshin IP, wanda shi ne kamar kwatancen gida. To amma gida ɗaya yana iya ɗaukar ayyuka da yawa: shafin intanet, imel, kiran waya, duk a kwamfuta guda. Saboda haka kowane ƙunshin saƙo yana ɗauke da wata lamba ta biyu da ke faɗin wace manhaja ake nufi a cikin gidan. Wannan lambar ita nake kira ƙofa. Ƙofofin suna farawa daga 0 zuwa 65535, wato guda 65,536, kuma ƙa'idar UDP tana da nata jerin, ƙa'idar TCP tana da nata, don haka ƙofa ta 5060 ta UDP daban take da ƙofa ta 5060 ta TCP duk da lambar ɗaya ce. Hukumar IANA ce ke riƙe da rajistar abin da aka saba yi da kowace lamba: 80 da 443 na shafukan intanet, 25 na imel, 5060 na kiran waya, 5061 na kiran da aka kulle da TLS. Idan muka ce manhaja tana sauraro a wata ƙofa, ma'anarsa ta gaya wa kwamfutar cewa duk saƙon da ya zo wannan lamba a miƙo mata. Ku riƙe abu biyu a nan, don za mu dawo kansu. Na farko, manhaja biyu ba sa zama a ƙofa ɗaya, a adireshi ɗaya, da ƙa'ida ɗaya. Wadda ta riga kamawa ita ke da wurin, ta biyun sai ta koma da saƙon kuskure. Na biyu, rajistar IANA al'ada ce kawai. Babu abin da zai hana uwar garke sauraro a 5080 ko 6060, in dai wanda zai kira ta ya san lambar.

Na biyu: kira ɗaya, hanya biyu.

A nan ne mafi yawan ruɗanin yake, don haka ku ba ni aron hankalinku. Kiran wayar intanet yana tafiya ne a kan hanyoyi biyu mabambanta. Ta farko ita ce SIP, ƙa'idar da aka fara wallafawa a 1999, aka sake tsara ta a takardar RFC 3261 a shekarar 2002. Aikin SIP shi ne sallama da iso: wane ne ke kira, wa ake nema, wayar ta yi ƙara, an ɗaga, an ajiye. Ko kalma ɗaya ta hirarku ba ta bi ta cikinta. Muryar tana bin wata ƙa'idar ce mai suna RTP, a cikin ƙananan ƙunshi, galibi kowanne na ɗauke da sauti na kashi 20 cikin dubu na daƙiƙa, wato ƙunshi 50 a kowace daƙiƙa. Kuma RTP ba ta da ƙofa tsayayya. A cikin saƙon gayyata na SIP da amsarsa ne ɓangarorin biyu ke rubuta wa juna cewa turo mini murya a adireshi kaza, ƙofa kaza, sai a zaɓi lamba daga wani jeri da aka ware. A cikin manhajojin uwar garken waya, fayil ɗin misali na Asterisk ya ware daga 10000 zuwa 20000, na FreeSWITCH kuma daga 16384 zuwa 32768.

Me wannan ke nuna mana? Tun kafin kowa ya taɓa saiti, uwar garken waya mai ƙofofi da yawa ce. Abin da muke tattaunawa a yau shi ne ƙofofin sallama, na SIP. Wanda ya buɗe ƙofar SIP goma ya manta da jerin na RTP a katangar tsaro, wadda ke tace saƙonnin da ke shigowa, wayarsa za ta yi ƙara, a ɗaga, a yi ta faɗin "halo, halo" babu mai jin wani. Kuma bari in yi ɗan lissafi a gefe, tunda mun zo wurin. Kowane ɓangaren kira yana cin ƙofa biyu, ɗaya ta murya, ɗaya ta rahoton ingancinta. Kiran da ya ratsa ta uwar garke ɓangare biyu gare shi, wato ƙofa huɗu ke nan. Ofishin da kiransa a lokaci guda bai wuce 50 ba, ƙofa 200 yake buƙata. In ya ware dubu ɗaya ya yi wadata har da saura. To don me za a bar dubu goma a buɗe?

Na uku: dalilan da suka isa a buɗe ƙofar SIP ta biyu.

Dalili na farko shi ne bambancin ƙa'ida. UDP mai sauƙi ce, amma tana wahala da babban saƙo. RFC 3261 ta ce idan saƙo ya wuce bayit 1300, kuma ba a san iyakar abin da hanyar ke ɗauka ba, a tura shi ta ƙa'ida irin TCP. Saƙon gayyatar kiran bidiyo kuwa yakan kumbura ya wuce haka. Don haka uwar garken da ke sauraro a UDP kaɗai ta bar wa kanta giɓi. Sai TLS a 5061 ga masu kira daga waje, sai kuma WebSocket ga masu kira daga cikin burauza, wanda a Asterisk ya saba bi ta 8088, ko 8089 idan an kulle shi. Kun ga ƙofa huɗu ke nan ba tare da an yi almubazzaranci ba.

Dalili na biyu shi ne raba baƙo da ɗan gida. Wayoyin ma'aikata suna shigowa da suna da kalmar sirri, kuma an yarda su buga waje. Babban layin kamfanin sadarwa kuwa sau da yawa da adireshinsa ake gane shi, kuma abin da aka yarje masa kawai shi ne ya kawo kira ciki. Idan duka biyun suna shigowa ta ƙofa ɗaya, kuskure ƙalilan a tsarin tantancewa na iya ba baƙo ikon ɗan gida. Idan aka raba, sai a ce wa katangar tsaro: ƙofar kamfani, adireshin kamfani kaɗai za ta karɓa. Hikimar zaure ke nan a gidan Bahaushe. Mai sallama yana da iyakar inda zai tsaya.

Dalili na uku shi ne rautocin da ke yi wa saƙo shisshigi. Yawancin wayoyi suna zaune ne a bayan NAT, wato suna da adireshin cikin gida irin 192.168.1.20 wanda duniyar waje ba ta sani ba, rauta ce ke musanya shi da adireshin waje. Matsalar ita ce SIP tana rubuta adireshi a cikin jikin saƙon kansa, inda NAT ba ta dubawa. Sai masu ƙera rautoci suka ƙara wani abu mai suna SIP ALG, wanda ke buɗe saƙon ya gyara adireshin. Niyya mai kyau ce, amma da yawansu gyaran gangar auzinawa suke yi, su lalata saƙon da ya zo lafiya. Maganin asali shi ne a kashe shi. To idan rautar ta otal ce, ko ta kamfanin da ya ba ka intanet kuma ya kulle saitinta fa? Tunda galibin waɗannan masu shisshigi ƙofa ta 5060 suke sa wa ido, sai a ba irin waɗannan ma'aikata wata ƙofar, ko kuma a bi da su ta TLS, inda rauta ba ta iya karanta saƙon balle ta taɓa shi.

Dalili na huɗu shi ne ƙaura. Idan ana sauya tsohon tsari da sabo, ba a iya sake saita wayoyi ɗari a dare ɗaya. Sai tsoho ya zauna a wata ƙofa, sabo a wata, a riƙa kwashe wayoyin kaɗan-kaɗan. Abin da manhajar FreePBX ta yi ke nan lokacin da take tafiya da tsarin SIP guda biyu: sabon a 5060, tsohon a 5160. Sharaɗin wannan ƙofa shi ne a sa mata ranar rufewa, domin ƙofar wucin gadi da aka manta da ita ta fi kowace haɗari.

Na huɗu: yadda ake yi a aikace.

Mu fara da Asterisk, wadda Mark Spencer ya fara rubutawa a 1999 a Amurka, kuma tun 2018 take hannun kamfanin Sangoma. Tsohon tsarinta na SIP, chan_sip, adireshi ɗaya da ƙofa ɗaya yake kamawa a UDP. Duk wayon mutum, in ya rubuta layin ƙofar sau biyu, ɗaya ne zai yi aiki. A Asterisk 12, shekarar 2013, aka shigo da sabon tsari mai suna chan_pjsip, aka ayyana tsohon a matsayin mai barin gado a Asterisk 17, aka cire shi gaba ɗaya a Asterisk 21 a 2023. A sabon tsarin, kowace ƙofa sashe ce mai zaman kanta a cikin fayil ɗin pjsip.conf. Ka raɗa wa sashen suna, ka rubuta type=transport, sannan protocol=udp, sannan bind=0.0.0.0:5060. Kana son ta biyu? Ka buɗe wani sashen da wani suna, ka rubuta bind=0.0.0.0:5080. Kana son TLS? Sashe na uku, protocol=tls, ƙofa 5061, da fayilolin takardar shaida da makullinta. Wannan 0.0.0.0 ɗin ma'anarsa duk katin sadarwar da ke jikin kwamfutar. Idan ƙofar ta 'yan gida ce kawai, a rubuta adireshin cikin gida ƙarara, don kada ta leƙa waje ko da katangar tsaro ta faɗi.

Akwai tarko uku a nan, kuma ina roƙon masu rubutu su rubuta. Na farko, canjin waɗannan sassan ba ya kamawa da umarnin sake karanta saiti kawai. A ƙa'ida sai an kashe Asterisk an sake kunnawa, wanda zai yanke duk kiran da ke gudana, don haka a zaɓi lokacin da ofis ya tashi. Na biyu, sauraro daban, magana daban. Idan uwar garke ce za ta fara tura saƙo ga wata waya, kuma ba a faɗa mata ƙofar da za ta bi ba, za ta ɗauki ta farko da ta dace. Wayar da ta yi rajista ta 5080 sai ta ga saƙo ya fito daga 5060, rautarta ta ce ban san wannan ba, ta yar. Sakamakon shi ne mutum yana iya kira amma ba a iya kiransa. Maganinsa a rubuta transport= da sunan sashen da ya dace a ƙarƙashin bayanan wayar. Na uku, idan uwar garken kanta tana bayan NAT, kowane sashe sai an gaya masa adireshin waje da kuma iyakar adireshin cikin gida, da external_signaling_address da external_media_address da local_net. Mantawa da su a sashe na biyu shi ne sanadin da ya sa za ka ji an ce tsohuwar ƙofa na aiki lafiya, sabuwa kuma ɓangare ɗaya kaɗai ke jin murya.

FreeSWITCH, wadda Anthony Minessale ya jagoranci ginawa kuma ta fito a 2006, da wannan tunanin aka haife ta. Saitinta na misali ya zo da ɓangare biyu: na ciki a 5060, mai neman kalmar sirri, da na waje a 5080, wanda kiran da ya shigo ta nan ke faɗawa cikin jerin dokoki na jama'a, masu taƙaitaccen iko. Amma a lura, saitin misalin nan ya zo da kalmar sirri 1234 ga lambobin gwaji, kuma duk ɓarawon layi ya san haka. Kamailio kuwa, wadda asalinta ya faro daga cibiyar bincike ta Fraunhofer FOKUS a Balin ta Jamus, layin listen kawai ake maimaitawa, kowanne da ƙa'idarsa da adireshinsa da ƙofarsa. Ko wace manhaja aka yi amfani da ita, a tabbatar da ido: umarnin ss a Linux zai nuna ƙofofin da ake sauraro da gaske, sngrep ko Wireshark kuma su nuna saƙonnin suna shiga suna fita. Gani ya kori ji.

Na biyar: gajeriyar hanya da abin da take jawowa.

Wani zai ce: Malam, duk wannan wahalar ta mece ce? Ai da layi ɗaya na iptables a katangar tsaro zan ce duk abin da ya zo 5080 a karkatar da shi zuwa 5060, manhajar ma ba sai ta sani ba. Wannan dabara tsohuwa ce, masu chan_sip sun daɗe suna yin ta don ba su da zaɓi, kuma takan yi aiki har mutum ya saki jiki. Aibinta yana cikin wannan kalmar da mai tambaya ya faɗa da bakinsa: manhajar ba ta sani ba. Mu bi kira ɗaya a hankali. Waya ta tura gayyata zuwa 5080, aka karkatar, uwar garke ta karɓa. Aka ɗaga, sai uwar garke ta mayar da amsar 200 OK, kuma a cikin amsar akwai layin Contact, inda take rubuta inda za a same ta nan gaba. Me za ta rubuta? Abin da ta sani, wato 5060. Sai wayar ta tura saƙon tabbatarwa, ACK, zuwa 5060, ƙofar da tun farko aka guje wa saboda a toshe take ko ana lalata saƙonta. ACK bai iso ba. Murya tana tafiya lafiya lau, don hanyarta daban ce, mutane suna hira. Ita kuwa uwar garke tana ta maimaita 200 OK tana jiran tabbaci. Ƙa'idar SIP ta sa wa wannan jira iyaka: rabin daƙiƙa sau 64, wato daƙiƙa 32. Da cikarsu sai ta yanke kiran. Duk wanda ya taɓa jin ƙorafin cewa waya na katsewa bayan kamar rabin minti, kullum a daidai wurin, to ga inda zai fara dubawa. Mutane za su zagi kamfanin intanet, su zagi wayar, alhali lamba huɗu ce a layi ɗaya. Darasin shi ne SIP tana faɗin adireshinta da bakinta, don haka duk ƙofar da za a buɗe mata, a buɗe da saninta.

Na shida: shin sauya ƙofa tsaro ne?

Ga hujjar masu cewa e. Duk uwar garken da ta buɗe 5060 ga duniya, ba ta daɗewa sai manhajojin laluben sun iso, suna gwada lambobi 100, 101, 102, suna cankar kalmar sirri. Akwai sanannen kayan gwajin tsaro mai suna SIPVicious wanda ɓata-gari suka mayar abin aikinsu, har sunan da yake bayyana kansa da shi, friendly-scanner, ya zama sananne a rajistar kowace uwar garke. Burinsu su sami lamba ɗaya mai raunin kalmar sirri, su kwana suna buga lambobin ƙasashen waje masu tsada waɗanda suke da kaso a kuɗinsu, galibi a daren Juma'a zuwa Lahadi lokacin da babu kowa a ofis. Idan ka koma wata ƙofa da ba a saba ba, yawancin wannan hayaniya za ta ragu, rajista ta yi tsabta, har ka iya hango abin da ya kamata ka hango. Wannan gaskiya ne, ban musa ba, kuma amfani ne na haƙiƙa.

Amma mu auna shi da ma'auninsa. Ƙofofi 65,536 ne kacal, kuma manhaja irin nmap tana iya bin su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya nufo ka da gangan zai same ka. Mafi muni, taken laccar nan shi ne ƙara ƙofa, kuma mai ƙarawa yakan bar 5060 a buɗe ya ƙara wata. Wannan bai ɓoye komai ba, sai ma ya ƙara wurin da za a gwada. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, shi kuwa da hannunsa ya ƙara tsagar. Sau da yawa kuma an saita Fail2ban, manhajar da ke toshe adireshin mai yawan kuskuren kalmar sirri, ta toshe 5060 da 5061 kaɗai. Aka buɗe 5080 ba a gaya mata ba. Tana ganin ɓarawo a rajista, tana rufe ƙofar gaba, shi kuwa yana ta aikinsa ta baya. To wane ne sarkin ƙofa a nan? Kalmar sirri doguwa wadda na'ura ta ƙirƙira, daban ga kowace waya. Jerin adireshin da aka yarda da su a inda hakan zai yiwu. Mai toshewa da ya san duk ƙofofin. Iyaka a kan kiran ƙasashen waje, ta yadda ko an shigo ɓarnar ba za ta yi nisa ba. Sannan a tuna TLS sallamar kawai take kullewa. Muryar sai an kunna SRTP, mai kulle RTP, in ba haka ba an kulle ambulan an bar wasiƙar a fili.

Na bakwai: ƙorafi biyu da suka cancanci amsa.

Na farko ya ce: me zai hana a rufe komai, a sa kowa ya shigo ta VPN, ƙofa ɗaya tak? Inda hakan zai yiwu, ni ma shi zan zaɓa, musamman tsakanin hedikwata da rassanta. Amma kamfanin da ke kawo maka layi ba lallai ya yarda ya shiga VPN ɗinka ba, wasu wayoyin tebur ba su iya shi ba, abokin ciniki da zai danna maɓallin kira a shafinka kuwa ba za ka ce ya girka komai ba. Haka ma ƙa'idar IAX2 ta Asterisk, wadda ke haɗa sallama da murya a ƙofa ɗaya ta UDP, 4569: tana da kyau tsakanin uwar garke da 'yar'uwarta, amma kasuwar wayoyi da kamfanonin layi SIP suka bi. Don haka ƙofa ɗaya buri ne mai kyau, sai dai mafi yawan ofisoshi za su tsinci kansu da biyu ko uku, kuma gara su san dalilin kowace.

Na biyu ya fi nauyi: ashe wannan ba koya wa mutane zagaye doka ba ne? Akwai ƙasashe, irin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, da suka taƙaita kiran intanet ga masu lasisi. A Najeriya ma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta ɗauki shigo da kiran ƙasar waje a sauya masa lamba ya zama kamar na cikin gida a matsayin laifi. Amsata ita ce a bambanta abu biyu. Kauce wa rautar da ke lalata saƙo bisa kuskure gyaran matsala ne. Kauce wa toshewar da hukuma ta yi da gangan keta doka ne, ko da dabarar iri ɗaya ce. Injiniyan kirki yana tambayar dalilin da ya sa ƙofa take a rufe kafin ya nemi wata, kuma idan amsar doka ce, sai ya nemi lasisi ko ya haƙura.

Jama'a, in taƙaita. Kafin kowa ya ƙara layin bind ko listen, ya ɗauki takarda ya ja layi huɗu: lambar ƙofa da ƙa'idarta, wa zai shigo ta nan, me ke tsaronta, yaushe za a sake duba ko har yanzu ana buƙatarta. Ƙofar da ya kasa cike mata layukan nan huɗu, ya bar ta. Wadda ya cike, ya buɗe ta a cikin manhajar kanta, ya sanar da katangar tsaro da mai toshewa, ya rubuta lambar a bayanan DNS na SRV don wayoyin da suka iya su gano ta da kansu, sannan ya gwada daga waje da layin salula: ya kira, a kira shi, ya bar kiran ya wuce minti biyu, ya ajiye daga kowane ɓangare ya ga ɗayan ya yanke. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan ya manna takardar nan a inda wanda zai gaje shi zai gan ta, domin mai buɗe ƙofa yakan canza aiki, ƙofar kuwa tana nan a buɗe.

 Abin da na faɗa daidai, Allah ya amfanar da mu. Inda na yi kuskure, ga malamai nan, a gyara mini. Na ga tun a maki na biyar wasu ke ta rubutu suna girgiza kai, da alama akwai masu wayar da ke yankewa a daƙiƙa 32. To bismillah, ga abin magana nan, wa zai fara?